Ranar da Aka Ɓalle Ƙofar Ofishina

Ko na tsufa na ruɗe ba zan manta da wata Talata ba, ranar da dabarata ta tona mini asiri a gaban ofis gaba ɗaya.

A Assakio nake zaune, aikina kuma a Lafiya, a wani ɗan ɗakin ajiye fayil da nake ni kaɗai. Shugabarmu, Madam Darakta, takwas daidai take zagaya ofisoshi, ni kuwa kafin mota ta cika ta taso tara ta wuce. Sau biyu tana ba ni takardar gargaɗi, ta ce ta uku ita ce ta sallama.

Maimakon in riƙa sammako kamar kowane mai hankali, sai na zauna na yi tunani (a nan na cuci kaina). Na gano ana iya sa wa kwamfuta lokaci, ta farka daga barci da kanta ta yi aikin da aka ba ta. Na ɗauki sautin kaina ina buga rubutu, ina jan kujera, har da tari don abin ya yi kama da gaske. Na saita ta ƙarfe takwas saura kwata, kullum in kulle ƙofa in tafi da makulli. Wata guda Madam tana wucewa tana jin "ina aiki". Har yabona ta yi a taro, ni kuma ba kunya na sunkuyar da kai.

Ranar Talatar sai ta buƙaci wani fayil. Ta yi sallama, shiru, sai tari. Ta buga ƙofa, tari. Ashe na cika tarin nan, ga shi sautin maimaita kansa yake yi! Ta kira wayata, tana can ƙasan jaka ban ji ba. Hankalinta ya tashi, ta ce numfashina ne ya sarƙe, a kawo Baba mai gadi da guduma.

Goma saura na sauka daga keke mai ƙafa uku da na hau daga tasha, ina cin gasasshiyar masara. Na tarar da ƙofata a ƙasa, mutane cike da baranda, wata har da kuka, kwamfuta kuma tana ta tarinta a kan tebur.

Baba ya dube ni ya ce, "Oga, kai yana waje, kai yana tari a ciki?"

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, gama masaran ka tukuna. Wanda yana zuwa aiki da gaskiya, mun riga mun gan shi."

Takarda ta uku ta fito, da ƙyar roƙo ya mayar da ita dakatarwa ta wata biyu. Har yau in na yi tari a ofis sai wani ya leƙo ya ga ko ni ne. Takaicina ɗaya, na'urar nan ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. Abin da na koya shi ne, in za ka tura kwamfuta ta yi maka ƙarya, ka fara koya mata amsa sallama.