Sunan Lukuman a Kan Hotunan Kulu

"…da gajiya kuma, bawana? Ko har yanzu kwamfutar na kayar da kai?"

Mas'udu bai ɗago ba. Kulu ce, taubashiyarsa, 'yar kawunsa, ta shigo shagonsa na Tudun Wada da ƙullin leda, ko mayafi ba ta sauke ba daga motar Tsafe. Tun da ya sabunta manhajar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, shafin ƙungiyar su Kulu ta masu man gyada ya daina nuna hotuna. Amininsa Lukuman ne ya gina shafin, shi kuwa ya rasu kafin azumi.

"Lafiya lau, sarauniyar tuya. Ƙaurin ƙuli ya riga ki sallama."

"Ƙaurin da ya raine ka! Ina hotunana? Masu saye sun ɗauka mun rufe, sun fara komawa Bungudu."

"Sabar ce ta ga fuskarki a ciki, ta firgita."

"Fuskar da aka yi layi a kanta? Kai wa ya taɓa taya ka? Mi ya lalace?"

"Izini. Kowane fayil na da mai shi. Sabuwar manhajar ba ta buɗe abin da ba nata ba."

"To ka ba ta mana! Ko gado ka ci?"

Mas'udu ya murza idanunsa, ya juyo mata da allon. Tun daga sama har ƙasa, gefen kowane fayil, suna ɗaya ne: lukuman.

"Layi guda zan rubuta, su zama nata. Amma sunansa zai goge duka. Tun safe nake rubutawa ina sharewa."

Kulu ta ajiye ledar a hankali, ta ja kujera.

"Allah ya jiƙan Lukuman. Shi kaɗai ke cin ƙulina bai ce da tsakuwa ba." Ta share hanci da bakin mayafi. "Amma kai, rago, haka za ka zauna gadin suna, mata na can mansu na kwantai? Gidan Kaka ma har gobe da sunansa ake kira, ba a hana ku shiga kuna cinye muna tuwo ba."

"Mu 'yan gida ne."

"'Yan cin arziki dai!"

Ya buɗe baki zai rama, sai ya tsaya. Ya jawo kwamfutar. Bai taɓa sunan mai fayil ba, rukunin masu izinin shiga kawai ya canza, ya sa sabar a ciki, ya ba ta izinin karantawa. Ya sake loda shafin. Ga kwalaben mai sun jeru, ga Kulu da ludayi tana washe baki.

"Sabar ta shigo cin arziki," ya ce. "Gida na mai shi."

"To faɗi, wa ya gyara?"

"Ke, uwar ɗakina. Amma dubi hoton nan, wallahi gara da yana ɓoye."

Kulu ta yi dariya har da hawaye, ta tura masa ledar.

"Ungo, bawana. Rabon mutum biyu na saba ƙullawa, hannuna bai koyi ragewa ba. Ka cinye duka."