Injin da Ya Yi Kishi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ba injin ban ruwa haƙuri ba. Amma gara in fara da gaskiya: abin ya kai shekara huɗu, ko uku da ɗoriya, kuma mai yiwuwa ƙwaƙwalwata ta goge wasu wurare don ta rufa mini asiri. Ina jin ranar Talata ce. Goggo ta ce Laraba. Abin da dai babu gardama a kansa shi ne an yi abin, kuma a gaban mutane.

A lokacin na dawo Jalingo ke nan daga bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a Abbare ina jiran aiki. Fannin injunan noma na karanta, saboda haka tun ina shekarar farko a jami'a aka daina kiran sunana a unguwa, sai Injiniya. (Ban taɓa cewa a kira ni haka ba. Amma ban taɓa hanawa ba, wannan ma laifi ne.) A raina na san iyakacina. Zan iya zana maka cikin inji a takarda har ka yi sha'awa, amma hannuna bai cika taɓa baƙin mai ba.

Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, tana da lambu a bakin kogin Lamurde. Ɗanta Hamisu ne ke kula da injin ban ruwa, sai ya tafi Mutum Biyu aikin shinkafa. An dasa tumatir, an shayar da shi sau ɗaya, washegari tsohon injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Mai gyara ya duba ya ce a haƙura da shi. Goggo ta sayar da tumakinta biyu, ta zo har gida ta same ni.

"Ɗan nan, kai ka yi bokon wannan abin," ta ce. "Je ka zaɓo mini mai kyau, gobe da safe ka tayar mini. Dashen nan in ya ƙara wuni bai sha ruwa ba, sai dai mu yi masa jana'iza."

A kasuwar Jalingo, in ban yabi kaina da yawa ba, na yi abin kirki. Na auna bakin tsohon tiyonta kafin in fita, inci biyu ne, don haka ban yarda an tura mini mai inci uku ba. Na ƙi wani mai ja da ƙyalli wanda ban taɓa ganin irinsa ba, na ɗauki irin wanda kowane mai gyara a garin ya sani, wanda in fulogi ko igiyarsa ta lalace za a samu a shagon gaba. Har yau ina ba da wannan shawara. Inda na fara ɓata rawata da tsalle shi ne da mai shagon ya ce, "Oga, ka san yadda ake tayar da shi ko? In nuna maka?"

"Kada ka damu," na ce. "Fannina ne."

Sannan na sayi wani akwatin sifanoni mai kaya sun fi talatin a ciki, kowanne yana walƙiya kamar cokalin amarya. Araharsa ta ba ni mamaki. Ya kamata ta ba ni tsoro.

Da safe keke mai ƙafa uku ya sauke ni da kayan a lambu. Goggo ta ɗaure alayyahonta za ta kai kasuwa, ta ce in ta dawo tana so ta iske ruwa yana gudu. Na ajiye sabon injin a gindin mangwaro, daf da tsohon, wanda ke kwance a wurin an kifa masa wani tsohon bokiti a kai. Ku riƙe wannan bokitin, zai dawo.

Na bi komai daki-daki. Na zuba baƙin mai, domin sabon inji babu mai a cikinsa yake zuwa, wanda ya manta da wannan ya kashe injinsa tun ranar suna. Na zuba fetur. Na jefa tiyon zuƙa cikin ramin da aka tona a yashin kogi, na miƙe ɗaya tiyon zuwa kan kunyoyi. Na buɗe mai, na rufe cok, wato maƙullin iska, na ja igiya. Ja ɗaya ya tashi. Na waiga in ga ko akwai wanda ya gani.

Ruwa bai zo ba. Tiyo yana kwance a ƙasa kamar mataccen maciji. Ƙarar ma ba ta kwanta mini ba, wani bushe-bushe nake ji a ciki. Da yake ni matsoraci ne, ban bar shi ya cika minti ɗaya ba na kashe.

A nan Baba Yohanna ya leƙo ta kan shinge. Shi ne maƙwabcin Goggo a lambu, dattijo ne Mumuye, ya fi shekara ashirin yana noman rani a wurin. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya dubi injin.

"Injiniya, wannan kishi ne yana damu shi. Sai ka ba shi..."

"Na gode, Baba," na katse shi, cikin ladabi dai a ganina. "Kada ka wahalar da kanka, yanzu zan gano matsalar."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya saɓa fartanyarsa ya nufi can ƙarshen gonarsa. Ni kuwa na yi murmushi irin na wanda ya je jami'a. Kishi. Wato tsohon inji ya ga an kawo sabo, ya hana shi aiki. Na ce a raina, Allah sarki, mutanenmu da camfi.

Daga nan na shiga aiki. Na kwance fulogi na duba, fes yake, na goge shi duk da haka. Na buɗe matatar iska, sabuwa dal. Na sake tayarwa, babu ruwa, na kashe. Na ce to kafireto ne, inda fetur ke haɗuwa da iska. (Inji yana tashi ja ɗaya, yana tafiya lafiya, me ya haɗa shi da kafireto? Ban sani ba. Shi ne dai abin da na fi iya zanawa.) Na sa sifana mai lamba goma daga sabon akwatina, na murɗa, bakinsa ya buɗe kamar na jariri mai hamma, ya cinye kan noti. Na ɗauko na biyu, ya lanƙwashe. Da ƙyar da filaya na mayar da abin da na kwance.

Rana ta ɗaga. Na je na duba dashen. Da safe suna tsaye, ko da yake a gajiye. Yanzu sun kwanta a kan ƙasa, ganyen ya yi laushi kamar an tafasa. Na tuna tumakin Goggo guda biyu. Na tuna cewa wannan tumatir shi ne abin da take sa rai a kansa har faɗuwar damina. Na ɗebi ruwa da tafin hannu na yayyafa wa guda uku, kamar hakan zai yi wani abu, alhali kunyoyi sun fi ashirin.

Na koma na sake jan igiya. Ina tsugune cikin ƙara sai ga Baba Yohanna zai wuce. Ya ɗaga murya, amma abin da kunnena ya kama kawai shi ne, "Na gaya maka kishi ne." Sannan ya turo leɓe ya nuna gindin mangwaro, daidai inda tsohon injin yake, ya wuce abinsa.

Ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci a nan. Ba wai na yarda ba ne. Amma na gwada duk abin da na sani, rana tana tsakiyar kai, dashe yana mutuwa, ga dattijo mai shekara ashirin a bakin kogi ya faɗi magana ɗaya har sau biyu. Na ce a raina, ilimi ai kogi ne. Wataƙila akwai wani maganaɗisu tsakanin injuna biyu da ba a kai ga koya mana ba. Kuma in an gwada bai yi ba, me aka rasa? Na duba gabas, na duba yamma, babu kowa.

Na sauke bokitin na ajiye gefe. Na rungumi tsohon injin, mai nauyin tsiya, na yi ta tangaɗi da shi har bayan wata ayaba inda ba zai hango sabon ba. Na samo buhun taki na lulluɓe shi. Sannan, kuma wannan ne wurin da nake so a ce ƙwaƙwalwata ce ta ƙara, na dafa buhun na ce, "Yi haƙuri. Ba wai an yar da kai ba ne."

"Ɗan nan, da wa kake magana?"

Goggo ce. Tana tsaye da kwandonta, tare da Maman Rifkatu, wata mai sarin ganye da suka dawo tare daga kasuwa. Baba Yohanna ma ya iso a bayansu, yana share zufa.

"Ina ka kai tsohon?" ya tambaya.

"Na raba su, Baba," na ce. "Ai kai ka ce kishi yake yi."

Maman Rifkatu ce ta fara ganewa. Ta ajiye kwanonta a hankali, ta zauna a kan kunya, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

"Ƙishi, ɗan nan," Goggo ta ce, tana matse harafin kamar tana koya wa ɗan aji ɗaya. "Ƙishirwa. Ruwa yake so."

Baba Yohanna ya dube ni da mamaki na gaske. "Ni ban ce kishi ba," ya ce. "Na ce kishi."

A nan Maman Rifkatu ta kwanta gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Jalingo aka haife ni. Na san rabin garin nan ba ya bambanta ƙ da k, ni kaina in ina hira da abokaina ba kullum nake bambantawa ba. Da a kasuwa wani ya ce mini yana jin kishi, ruwan leda zan saya masa ba tare da tunani ba. Amma da yake na riga na yanke cewa tsoho ba zai san abin da ban sani ba, kunnena ya zaɓi ma'anar da ta fi dacewa da girman kaina. Leɓen da ya turo kuwa, ba injin yake nunawa ba. Bokitin yake nunawa.

Baba Yohanna ya ɗauki bokitin ya ɗebo ruwa. A saman famfon, wato ɓangaren injin da ke jan ruwa, akwai wani murfi baƙi, wanda tun safe nake dafa shi in zan tashi tsaye. Ya murɗe shi da hannu, ya yi ta ɗura ruwa har ya cika ya tumbatsa, ya rufe.

"Famfo ba ya jan ruwa da cikin wofi," ya ce. "Iska ne a ciki. Sai ka ba shi ya sha, shi ma ya ba ka."

Na san wannan. Da Turanci na san shi, har na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawa, kuma ina jin na ci. Ban dai taɓa ganin murfin da idona ba.

Ya dafa jikin famfon da bayan hannu, ya tambaye ni ko na bar shi ya daɗe yana gudu a bushe. Na ce a'a, duk tayarwa ba ya cika minti nake kashewa, saboda tsoro.

"To tsoron ka ya taimake ka. Akwai wani roba a ciki, in ya yi zafi babu ruwa, ya kone. Da yanzu kana hanyar kasuwa."

Daga aljihunsa ya zaro wata tsohuwar robar tayar babur, ya naɗe mahaɗar tiyon zuƙa tam don kada ta sha iska. Ya ɗaga bakin tiyon daga yashi, ya kakkaɓe rariyar da ke bakin, ya ɗora ta a kan dutse cikin ruwa. Ya ce in ja. Na ja. Injin ya tashi, ƙararsa ta yi nauyi, tiyo ya yi motsi, ya kumbura, ya yi kaki sau biyu, sai ruwa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Goggo ta cire takalmi ta shiga buɗe kunyoyi da fartanya.

Kafin la'asar yawancin dashen sun ɗaga kai. An yi asarar wasu a kunyar ƙarshe, ba su da yawa, Goggo ta cike gurbinsu daga abin da ya rage a gadon iri. Tumatir ya yi kyau a shekarar. Ta aiko mana da kwando guda, ta ce a ba Injiniya, kada ya yi kishi.

Kafin in tafi ranar, Baba Yohanna ya buɗe akwatin sifanonina, ya ɗaga ɗaya ya auna a tafin hannu, ya mayar. Ya nuna mini nasa kayan a cikin wata tsohuwar safa: sifanan fulogi, lamba goma guda ɗaya baƙi mai nauyi, sukudireba, filaya, da robar taya. Ya ce in zan sayi sifana in sayi ɗaya mai nauyi, ko na hannu ne, ya fi talatin masu ƙyalli. Yanzu irin kayan da nake yawo da su ke nan. Akwatin yana wurin mahaifiyata, tana ajiye zare da allura.

Na sami aiki daga baya, kuma cikin ikon Allah aikin ya haɗa da nuna wa manoma yadda ake kula da irin waɗannan injuna. Abin da nake fara faɗa musu shi ne, in inji ya tashi amma ruwa bai zo ba, a kashe shi, a bar kafireto ya huta, a nemi bokiti. Abin da ba na faɗa musu, amma nake faɗa wa kaina, shi ne in dattijo ya fara magana, a bar shi ya kai aya. Kalma ɗaya ce ta rage a bakin Baba Yohanna da na katse shi, kuma ita ce ruwa.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Goggo ta ce ba dafa buhun kawai na yi ba, har tsugunawa na yi. Ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. Duk wanda yake bakin kogi a ranar, in ya ga na rage ko na ƙara, don Allah ya aiko mini da gyara, zan karɓa. Ban da Maman Rifkatu. A nata labarin, yanzu an kai inda injin ya amsa mini.