Goɗiyar Hamidu da Ɗakin Iya Barakatu

"Lafiya lau na tashi, sai dai ganinka da sassafe ya ɓata min safiya," in ji Iya Barakatu, ba ta ko ɗago kai daga kaɗin audugar da take yi ba.

Hamidu, jikanta ta wajen babban ɗanta marigayi, ya jingine kekensa a jikin danga ya tsuguna. A 'yan shekarun nan cinikin gyaɗa ya karɓe shi, har ya sayi wani tsohon gida a bayan Ƙafin Maiyaki, da fili har bakin fadama, don tun yana yaro ba shi da buri sai kiwon doki. Amma ba labarin gida kaɗai ya kawo shi Kiru ba. Bangon ɗakin tsohuwar ya tsage tun daminar bara, har ana hango waje ta ciki, ga wata daminar ta matso. 'Yan uwan mahaifinsa sun yi lallashi har sun gaji, ta ce ba inda za ta. Shi kuwa ya san lallashi ba ya cin ta, sai tsokana.

"Amarya, tashi ki haɗa kayanki. Na yi miki gida."

"Wane gida? Wanda aka ce ka saya wa dawaki? Haniniya ka ji ina yi?"

"Haniniya ai da sauƙi. Saboda munsharinki nake so ki tare, kura ba za ta yi gigin matsowa barga ba."

"Ka ji mijin wofi. Mazan kirki suna kai mata ɗaki da gado, kai za ka kai ni gadi."

Ya gyara zama ya shiga yabon wurin. Ya ce gidan a kan tudu yake, ruwa ba ya kwanciya balle kofato ya ruɓe. Akwai rijiya a tsakar gida, ciyawar fadama ba ta bushewa sai can tsakiyar rani, ga gonar da za ta ba shi harawa, ga wata ƙatuwar tsamiya da ya riga ya kafa turke a inuwarta. An yi shaida gaban mai unguwa, an raba goro. Ta ce ita dai ta ji an ce wurin ya karkata wajen dajin Falgore, tsando zai cinye dawakin ya haɗa da mai su. Ya ce ina Ƙafin Maiyaki ina Falgore, kuma ko tsandon ya zo ai tana nan, in ya cije ta shi zai kwanta jinya.

"To dawakin suna ina?"

"Suna hanya. Wani ingarma ne daga Azbin, in ya yi tsalle a Kiru sai ya dira a Bebeji."

"Ƙarya kake, maigida. Audu mai kanwa ya ba ni labari. Goɗiya ɗaya ce tal, ana hango haƙarƙarinta tun daga bakin kasuwa. Ya ce ranar da ka kawo ta, kai ne kake turawa ta baya."

"Ai don ke na zaɓe ta. Ba haƙori, ga ƙorafi, ga son kanwa. Ina ganinta na ce ga ƙawar amaryata. Bambancinku ɗaya, ita ciki gare ta."

Iya Barakatu ta ɗaga mazari kamar za ta ƙwala masa. Ta tuna masa da ranar da ya hau jakin gidan nan yana fuskantar wutsiya, jakin ya zubar da shi cikin kwatami, ya shigo yana kuka ita ta wanke shi. Ta ce wanda jaki ya raina, goɗiya ma sai ta ɗaura masa sirdi ta hau. Ya ce jakin nan ita ta zuga shi, don tun a lokacin take tsoron kada ya yi nisa ya gano matan da suka fi ta.

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta juya ta dubi bangon nan da ya tsage, ta daɗe tana dubansa. A ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haihu, a nan kakan Hamidu ya cika. Ta faɗi haka a hankali, ba da muryar wasa ba, ta ce in ta fita wa zai riƙa share ƙofar.

Hamidu ya ji abin har cikin ransa, amma ya san in ya sassauta ya faɗi.

"Wannan tsohon mijin naki tun da ya tafi ko goro bai aiko miki ba. Ni ne na rage, ni kuma ba zan yi takaba ba don bango ya danne min mata. In kin ƙi, sai in kawo goɗiyar nan in ɗaure ta a ƙofar ɗakinki, ku kwana kuna hira."

"Maza ba sa takaba, sakarai."

"To kin gani, ko wannan ba zan samu ba."

Ta yi tsaki, ta dafa gwiwa ta tashi ta shige ɗaki. Ya ji tana jan tukwane da ƙore a ƙarƙashin gado, tana mita ita kaɗai. Can ta fito da wani ƙunshin tsumma ta jefa masa a cinya. Ya kwance, sai ga tsohon linzami da likkafa na farin ƙarfe, fatar ta yi baƙi don tsufa amma ko tsagewa ba ta yi ba. Ashe na kakansa ne, tana shafa musu man shanu duk shekara ba wanda ya sani.

"Ba kai na ba wa ba, na ƙawata ne," ta ce tana danne dariya. "Ɗakin da za ka ba ni ya dubi gabas, a kuma nisanta shi da barga. Ranar tashi ni zan hau, kai ka ɗauko min turmi a ka."

"Na ɗauka, ranki ya daɗe. Har taɓarya."