Gogo Ta Rasu a Ribas

Da zuciya cike da baƙin ciki, da yatsa ɗaure a tsumma, Mehluli Dlodlo na unguwar Hillside a Bulawayo yake sanar da 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci da sauran abokan arziki rasuwar Gogo. Ta cika ranar Lahadi a hanyar Matopos, gaban rumfar mai gasa nama, a idon jama'a.

Ga wanda bai san ta ba, Gogo ita ce ofadiraib ɗin jar motar nan 'yar Ingila mai kujera biyu, wato ƙaramin akwatin giya da ke manne a bayan giyabos. Aikinta ɗaya ne. In mota ta miƙe a doguwar hanya, inji yana kururuwa, direba ya taɓa ɗan maɓalli kusa da sitiyari, sai ta ce ƙwas. Inji ya sauke murya, mota ta ci gaba da gudunta. Ta girmi duk 'ya'yan gidan, kuma ba a taɓa jin ta ce komai ba bayan wannan ƙwas ɗin. Abu ɗaya ne ba ta yafewa: a ja mota baya tana kan aiki. Shi ya sa masu ƙira suka ajiye mata mai gadi, wani ɗan makunni a saman giyabos, wanda ke yanke mata wuta da zarar an fita daga manyan giya.

Ciwon ya soma da damina. Da safe ta amsa, in inji ya ɗau zafi ta yi shiru. In mota ta faɗa rami, Gogo ta saki aiki, inji ya kwarma ihu kamar an taka kare. Masu jinyarta biyu ne: Mehluli, da abokinsa tun na samartaka, Cecil Hendricks na Barham Green. Cecil ne mai shiga ƙarƙashi, Mehluli mai riƙe fitila da ba da umarni. Shi yana kiran Cecil Ƙadangare, Cecil yana kiran sa Tulu.

Babu irin azabar da ba su gana mata ba da sunan magani. Sun sake fis, sabon ya ƙone. Sun kankare wayar da ke kama jikin mota har ƙarfe ya yi fari. Sun bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da kwan gwaji, wata ta yi tartsatsi ta babbake wa Cecil gira. Sun cire solonoyid, ƙarfen da wuta ke bugawa ya tura ta aiki, suka sa wani, ciwo yana nan. Ranar ce Mehluli ya ɗauki guduma ya yi wa tsohon solonoyid ɗin dukan da ya raba shi biyu, daga baya aka gane lafiyarsa ƙalau.

A ƙarshe Cecil ya ɗaga dardumar mota, ya zura hannu har kafaɗa, ya haɗa bakunan mai gadin guda biyu da guntuwar waya, wuta ta wuce kai tsaye. Gogo ta ce ƙwas. Ashe mai gadin ne ya tsufa. Cecil ya rantse cewa a nan take ya ce a tuna masa ya zare wayar kafin a fita. Mehluli ya rantse bai ji ba. MaNyathi, matar Mehluli, wadda ta kawo musu shayi a lokacin, ta ce ta ji komai, kuma ba za ta faɗa ba.

Ranar Lahadi suka bi ayarin ƙungiya. Marigayiya ba ta taɓa aiki mai kyau irin na ranar ba. Daɗi ya kwashe su, har suka wuce rumfar naman da kowa ya tsaya. Mehluli ya taka birki, ya sa ribas, ya ba ta wuta. Maɓalli yana kunne, mai gadi kuwa an ɗaure masa hannu.

Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ta yi kama da an zuba kwanoni cikin garwa an wurgo daga bene. Mota ta yi tsalle ta tsaya. Baƙin mai ya malalo kan kwalta, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki.

"Ƙadangare, wayarka tana ciki?"

"Tulu, maɓallinka yana kunne?"

Mehluli ne ya fara kai duka, da filas ɗin shayi. Cecil ya rama da sandar jak, ya kuskure, madubin gefe ya tafi. Suka fito suna birgima cikin man marigayiya, tsofaffi biyu masu jikoki. Cecil ya kama yatsan Mehluli da haƙori, Mehluli ya fizge, haƙoran roba suka biyo yatsan suka faɗa kan wayar gashi kusa da tsiren wani. Shugaban ƙungiya ya shiga rabo, ya fito da hanci yana jini. Duk wannan mai sauƙi ne, an saba. Amma da aka riƙe su, Mehluli ya tofar da yawu ya ce:

"Duk shekarun nan kana kwance ƙarƙashin motar da ba taka ba."

Cecil ya ɗauki haƙoransa daga wuta, ya goge a wando, ya tsallaka titi ya tari motar haya. Tun ranar ba ya ɗaga waya. An je gidansa, 'yarsa ta ce yana barci, alhali ana jin tarinsa a bayan ƙofa.

Gogo ta rasu ta bar giya huɗu cikin ƙoshin lafiya, da inji wanda yanzu zai yi ta ihu babu mai rarrashi, da sabon solonoyid da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta kuma bar guntuwar waya, wadda har yanzu tana inda aka sa ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a garejin gidan Dlodlo. Za a zaro gawar daga jikin mota, a wanke ta da kananzir, a binne ta gindin bishiyar fiya da ke bayan gida. Akwai tuwon masara da nama. MaNyathi ta kulle guduma da sandar jak a ɗakinta, kuma tana roƙon kada kowa ya tambayi wa ke da laifi. Makanikai biyu sun ce za su taimaka da ɗaukar gawa, an gode musu, an sallame su.

Masu karɓar gaisuwa su ne masu motar: Mehluli Dlodlo da Cecil Hendricks. Na biyun bai san an sa sunansa cikin masu motar ba, kuma ba za a taɓa ko noti ɗaya ba sai ya iso. Wanda ya gan shi ya faɗa masa, amma ya tsaya nesa kaɗan.