Gimbiya Fiksel ta Nassarawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin hannun Falmata a kan linzamin kwamfuta ba, da lalle baƙi har wuyan hannu. A wata makarantar koyon kwamfuta ne a Nassarawo, cikin Jimeta, shekarar da gari ya cika da masu gudun hijira. Iyayenta daga Borno suka zo. Ba ta da yawan magana, kafin malami ya shigo ɗinkin hula take yi. Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya na kasuwa sun gama da kaina, kafin mako ya ƙare har na raɗa wa 'ya'yanmu suna (ita ba ta san nawa sunan ba tukuna).

Malam Hammadu ya ba kowa kalma ɗaya, ya binciko asalinta ya yi wa aji bayani. Tawa ita ce fiksel, ɗigon nan ƙanana da suke haɗuwa su zama hoto. Ban bincika ba. Kwana shida na yi ina gyara wasiƙar soyayyar da ban taɓa ba Falmata ba.

Da aka kira ni, na miƙe na kalli gefen da Falmata take. Na ce Fiksel sunan wata gimbiya ce da aka hana wani mai zane ganinta, sai ya riƙa ɗiga ɗigo ɗaya kullum a jikin bango har fuskarta ta fito. Na ce ranar da ya ɗiga na ƙarshe ya mutu. Wata 'yar ajinmu, Adda Mairo, ta share ido da gefen mayafi.

Malam ya ce, "A wane littafi ka gani?"

Na ce bangonsa ya yage.

"Falmata, ke fa?"

Ba ta ko ɗago ba. "Malam, kalmomin Turanci biyu aka gutsure aka haɗa, hoto da ƙwaya. Ƙwayar hoto ke nan. Kamar hular nan, kowane sukan allura ƙwaya ɗaya ce."

Adda Mairo ta juyo gare ni. "Hamma, wato kukan banza ka sa ni?"

Aji ya fashe da dariya. Malam ya ce in zauna, Allah ya jiƙan mai zane. Har muka karɓi takardar shaida ban sake iya haɗa ido da Falmata ba.

Daga ranar na gane daɗin baki ba ya biyan aikin gida, musamman a gaban wadda ta yi nata da naka.

Yanzu Falmata tana koya wa kwamfuta gane cutar ganyen shinkafa daga hoto, manoman bakin tafkin Njuwa suna ce mata Injiniya. Ta auri wani malamin lissafi, 'ya'yansu uku. Wannan kam na bincika sosai.