Ƙofar Madafina

Da ɗana ya tashi gyara min madafi, na ce ba mai tsara min inda na tsufa. Da sanda na zana komai a ƙasa, ƙofa kuwa daidai faɗina, saboda awaki. Magini ya ce, "Inna, a ɗan ƙara?" Na harare shi, ya kama aikinsa.

Sai da maƙwabta suka zo aron babbar tukunyata don bikin suna muka gane an yi ginin tana ciki. Aka juya, aka karkata, ta ƙi fita. Na hana a taɓa bango. A madafina aka tuƙa tuwon.

Har yau matan unguwa kan leƙo su ce, "Inna, amaryar taki har yanzu tana kulle?"