Rasuwar Kande, Mai Musu da Malam Is'haƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Malam Is'haƙa Gatawa, mazaunin Sabon Birni, ke sanar da rasuwar kwamfutarsa, Kande.

Ɗiyarsa Zulaiha ce ta bar masa ita da za ta koma karatu Sakkwato. A cikin kwamfutar akwai manhaja mai tantance hujjar lissafi. Malam kan ba ta umarni taki-taki: ɗauki lamba, raba maganar gida biyu, sauƙaƙa wannan. Ita kuma ta nuna masa abin da ya saura.

Marigayiya ba ta san kara ba. A garin nan ko Malam ya ce gero na tsira a kan ruwa, sai a ce masa haka ne, Baba, a wuce. Kande kaɗai ke ja masa jan layi in ya yi tsallake, ta kafe har sai ya kawo dalili. Tun da maƙwabtansa na garinsu Gatawa suka watse, ba a ƙara yi masa musu mai daɗi irin nata ba.

Jinyarta ta faro da zazzaɓi, fankarta na fuuu kamar mai nishi. Kalilu mai gyara a kasuwar garin Isa ya ce gashin buzun da ake ɗora ta a kai ne ya toshe mata numfashi. Malam ya ce abokin karatu ba a aje shi a ƙasa.

Ta cika ranar Laraba bayan azahar, suna dab da tabbatar da cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu ba su da ta ƙarshe. Ya rubuta umarnin da yake zaton shi ne na rufewa, ya danna, fuskarta ta yi duhu kafin ta amsa. Har yau bai san ko ya yi daidai ba.

Ta bar caja mai ɗauri da baƙar roba, da jakarta, da wannan hujja marainiya.

Za a naɗe ta cikin farin rawani a sa ta a adaka gobe bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Malam zai shimfiɗa tabarma biyu, in ɗaya ta isa sai a naɗe ɗayar.